Borin jini da allurar rigakafi: Tambayoyin da ake yi kafin a yi wa yaro allura

Tun bayan ɓullar cutar mashaƙo a Kafanchan, hedikwatar ƙaramar hukumar Jema'a, a watan Yulin 2023, batun rigakafin yara ya ƙara ɗaukar hankali a kudancin jihar Kaduna. Sai dai wasu iyaye kan ɗage kai 'ya'yansu asibiti don tsoron borin jini, wato yanayin da jiki ke yin tawaye ga wani sinadari da ya shige shi. Akwai wannan hatsari, amma ba kasafai yake faruwa ba, kuma ana iya auna shi kafin a tsira allura.

Mene ne a cikin allurar?

Ban da ƙwayar cutar da aka raunana ko aka kashe, ko wani ɓangare nata, kwalbar rigakafi na ɗauke da ƙananan sinadarai da ke adana maganin, da ragowar abubuwan da aka sarrafa shi da su. Galibi waɗannan ne ke tayar da borin jini.

Rigakafin zazzaɓin shawara, wanda ake yi wa yara a wata 9, a cikin ƙwan kaza ake renon ƙwayarsa, don haka yana ɗauke da ɓurɓushin ƙwai. Na ciwon hanta nau'in B, wanda ke cikin allurar Penta ta mako 6 da 10 da 14, da yis ake haɗa shi. Haka ma na sankarar bakin mahaifa da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023. Allurar shan inna kuwa na iya ƙunsar ɗan ragowar magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su neomycin da streptomycin. Wasu alluran na da jelatin, wasu kuma marfin kwalbarsu na da ƙaron roba. Ba a amfani da fenisilin wajen haɗa rigakafi.

Yadda ake tantancewa

Ko a Asibitin Tunawa da Sir Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan ne, ko a ƙaramin asibitin gunduma a Kagoro, Zonkwa ko Kwoi, tantancewar tana farawa ne da tambayoyi. Shin an taɓa yi wa yaron wannan allura? Me ya biyo baya, kuma bayan minti nawa? Ya taɓa kumbura ko ya kasa numfashi bayan cin ƙwai ko shan wani magani? Katin rigakafin yaro ne shaidar farko, shi ya sa ake buƙatar uwa ta zo da shi kowane lokaci.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bi a fili take: wanda ya taɓa yin mummunan borin jini sakamakon wata allura ko wani sinadarinta, ba a maimaita masa ita sai likita ya duba shi. Amma zafin jiki, da kuka, da kumburin wurin allura, ba borin jini ba ne. Haka nan asma da mura ba sa hana rigakafi, kuma rashin jituwa da ƙwai ba ya hana allurar ƙyanda.

Alamomin hatsari

Mummunan borin jini kan auku kusan sau ɗaya cikin allurai miliyan ɗaya, kuma yawanci cikin 'yan mintoci yake bayyana: rudu da ƙaiƙayi a jiki, kumburin leɓe ko fuska, shaƙewar murya, wahalar numfashi, ko suma. Maganinsa allurar adrenalin ce a tsokar cinya ba tare da jinkiri ba. Wannan ne dalilin da ake umartar a zauna a asibiti na minti 15 zuwa 30 bayan allura, ko da ranar kasuwa ce ko gona na jira.

Duk abin da ya biyo bayan rigakafi, a sanar da ma'aikacin lafiya domin ya rubuta rahoto, wanda ke isa ga Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa da hukumar NAFDAC. Idan aka gano sinadarin da jikin yaro ya ƙi, sai a rubuta a katinsa, a ci gaba da sauran alluran da ba su ƙunshe shi ba, don kada a bar shi ba kariya daga mashaƙo da ƙyanda.