Shanyewar ɓarin jiki da agogo

A ƙauyukanmu na Ɗambatta, Makoɗa da Bichi, in bakin dattijo ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe, sai a ce iska ce ta taɓa shi. A nemo rubutu, a yi hayaƙi, a jira gari ya waye.

Turawa ma sun daɗe suna lalube. Sai a 1658 likita Wepfer na Suwizalan ya nuna cewa matsalar daga jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa take: ko su fashe ko su toshe. Bambance biyun a jikin mai rai bai yi sauƙi ba sai da na'urar hoton CT ta fito a Landan a 1971. A 1996 Amurka ta amince da allurar narkar da gudan jini, amma cikin awa 3 kawai. Binciken 2008 ya kai shi awa 4 da rabi. A 2015 likitocin Holan suka tabbatar da amfanin zaro gudan ta cikin jijiya.

Kun ga dai, duk maganar lokaci ce. An ƙiyasta ƙwayoyin ƙwaƙwalwa miliyan 1.9 ke mutuwa kowane minti in babbar jijiya ta toshe.

Don haka jama'a, a riƙe lokacin da abin ya fara. Kada a ɗura masa ruwa, yana iya shaƙewa. A nufi asibiti mai hoton CT, kamar na Malam Aminu Kano, addu'ar a yi ta cikin mota.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.