Shingen Kifi a Gulbin Zamfara: Tsohuwar Dabara da Rigimar Dumba

Shingen kifi dabara ce ta datse hanyar ruwa da turaku da zana, a bar 'yan ƙofofi inda ake girke tarkon saƙa, kifin da ya shiga ba ya iya fitowa. Mutanen bakin teku suna dogara da cikar ruwa da janyewarsa kullum. A ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi kuwa, ruwa sau ɗaya yake cika a shekara, sau ɗaya yake janyewa, don haka sana'ar ta kaka ce.

Gulbin Zamfara yana ratsa wannan yanki, ya wuce ta Jega, ya haɗu da Gulbin Sakkwato a Jihar Kebbi. Da damina yakan tumbatsa ya malale fadamu, tarwaɗa da karfasa da kurungu su bi shi su yi ƙwai cikin ciyawa. Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai ruwa ya juya ta 'yan magudanai zuwa gulbi, kifi na biye da shi. Nan masunci yake jira. Yakan shiga ruwa iya ƙugu, ya kafa turaku cikin laka, ya ɗaure zanar gamba, ya danne gindinta da ƙafa don kada tarwaɗa ta kurɗa ta ƙasa. Da asuba ya zo ya zazzage tarko cikin gora.

Ba kowa yake kafa shinge inda ya ga dama ba. A al'adar masunta ta ƙasar Kabi da Zamfara, ruwa yana da mai shi, kuma Sarkin Ruwa ne ke faɗin ranar da za a buɗe tafki a yi su na gayya da homa. Bikin Argungu, wanda ya yi suna tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan Ɗan Mu'azu a 1934, irin wannan su ne aka ƙawata.

Rigima ta taso ne da dumba. Bayan farin 1973 da na 1984, ruwa ya ja baya ko'ina, masunta Hausawa da yawa suka yi ƙaura zuwa Yawuri, inda madatsar Kainji ta tara ruwa tun 1968, wasu kuma suka nufi Baga a bakin Tafkin Chadi. Can ne gurar Mali ta yaɗu, wato tarkon sanduna da aka lulluɓe da ragar roba. Aka riƙa jera gura daga wannan gaɓa zuwa waccan, a haɗe tsakaninsu da raga mai ƙananan idanu. Wannan ita ce dumba. Mai kuɗi ɗaya yana iya tare mashiga gaba ɗaya, na ƙasa da shi su kwana da hannu banza, abin da ya sha haddasa faɗa a Tafkin Chadi da fadamar Haɗeja da Nguru.

Bayani iri biyu ake ji game da raguwar kifi. Wasu na cewa datse ruwa ko ta wace hanya ɓarna ne, kuma tsohon shinge da dumba duk ɗaya ne, a hana su tare. Dattawan masunta kuwa suna cewa zana tana da tazarar da 'ya'yan kifi ke wucewa, tana ruɓewa kafin bazara, ga Sarkin Ruwa a tsaye yana hana a toshe hanya ƙaf. Maganarsu ta fi nauyi. Da shingen zana ke ƙarar da kifi, da tuni ya ƙare kafin zuwan Turawa, ballantana zuwan roba. Abin da ya canza shi ne idon raga, da kuɗin da ya fi ƙarfin sarautar ruwa, sai kuma masu zuba maganin feshi a tafki.

Dokar kamun kifin cikin gida ta 1992 ta haramta guba da abubuwan fashewa, ta kuma sa datse ruwa ƙarƙashin ikon hukuma.  Daga baya haƙar zinari ta janye samari da dama a Anka da Bukkuyum, rashin tsaro kuma ya sa kwana a bakin gulbi ya zama kasada. Dokar tana nan a rubuce, amma aiwatar da ita a bakin fadama sai da hannun Sarakunan Ruwa.