Kyauta Ce Ta Raya Ɗinkin Babbar Riga

A Turai da Amurka akwai mutanen da ke ɗinka tufafin mutanen zamanin da don sha'awa kawai, ba don neman abinci ba. Ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyinsu ta samo asali ne a birnin Berkeley na Amurka a 1966, kuma har yau 'ya'yanta na taruwa sanye da kayan da suka ɗinka da hannunsu. Aikinsu na da wuya, domin sai sun bi tsofaffin zane-zane da ragowar ƙyallaye a gidajen tarihi kafin su gano yadda aka yanka wuya ko aka haɗa hannu. Waɗanda suka san sirrin sun mutu tun da daɗewa ba su bar magada ba. A ƙasar Hausa lamarin ya sha bamban. Rigar aska takwas da aka ɗinka a ƙarni na 19, wadda ke ajiye a wani gidan tarihi na Ingila ko Jamus, irinta ce hakimi zai hau doki da ita ranar hawan daushe a Kano, kuma wanda ya ɗinka masa ya koya ne a hannun wanda shi ma ya koya a hannun wani. Me ya hana wannan igiya tsinkewa, alhali kaɗi da saƙa da rini duk sun durƙushe? A ganina, abin da ya raya babbar riga shi ne matsayinta na abin da ake bayarwa, ba na abin da ake saye don rufe jiki ba.

Sai an duba yawan hannayen da riga ɗaya ke bi a zamanin da kafin a gane dalili. Mata ne ke gurje auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa shi ƙwarya-ƙwarya, siririya, a haɗa masu yawa gefe da gefe kafin a sami faɗin riga. In saƙi ake so, sai zaren ya biya ta marina ya sha baba. Daga nan mai zane ya shata asake da tambari a kan aljihu da ƙirji da baya, sannan maɗinki ya zauna da allura. Zaren ado kuwa sau da yawa tsamiya ce, wato silikin da ake samu daga gidan wata tsutsar daji, ko kuma alharini ja da fatake ke ratso Sahara da shi daga Tarabulus, wanda ake yi wa bakin riga shafi da shi. A ƙarshe masu bugu su ɗora ta a kan gungume su daka har ta yi sheƙi. Ɗinkin kaɗai yakan ci watanni. Da yawa daga cikin maɗinkan malamai ne da almajiransu, waɗanda ke ɗinki a zaure tsakanin karatu da karatu, kuma Nufawan Bida sun yi suna a wannan aiki har rigunansu suka zama abin nema a kasuwannin Hausa. Mutumin da sutura kawai yake nema ba zai jira wannan dogon aiki ba, taguwa ta ishe shi.

Wa ke buƙatar irin wannan riga, to? Daular da jihadin 1804 ya haifar ta tsaya ne a kan alaƙa tsakanin manya da na ƙasa da su, kuma tufa na cikin manyan hanyoyin ƙulla wannan alaƙa. A wancan zamani sarakunan ƙasashe na aika gaisuwa Sakkwato, riguna da rawuna na cikin abin da Kano ke aikawa. Sarkin Musulmi kuma ya raba wa malamai da jarumai da baƙi. Sarki in zai naɗa hakimi, riga da rawani da alkyabba ne shaidar naɗin, kuma ba a sauya wannan ba har gobe. Mawaƙin fada in ya burge ubangidansa, babban tukuicinsa shi ne a tuɓe riga a ba shi a gaban jama'a. Masaniyar tarihi Colleen Kriger, wadda ta yi nazarin rigunan daular da ke gidajen tarihi, ta nuna yadda wannan zagayawa ta kyauta ta yaɗa salon ado iri ɗaya daga Sakkwato zuwa Bida da Ilori. Abin lura a nan shi ne, darajar kyautar tana cikin wahalar da ido ke gani. Wanda aka ba rigar yana iya karanta watannin da aka ɓata a ƙirjinta, masu kallo ma haka. Rigar da aka gama cikin kwana biyu ba za ta faɗi abin da mai bayarwa ke son faɗa ba.

Mai musu zai ce wannan son zuciya ne, kasuwa ce ta gina masaƙar Kano ba fada ba. Yana da hujja mai ƙarfi. Matafiyi Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta kayan saƙar da birnin ke fitarwa waje a shekara da kuɗin wuri miliyan 300 a ƙalla, kuma ya ga tufar Kano tana kaiwa Tambutu da Gat da Murzuk. Turkuɗin garin Kura da Buzaye ke naɗawa ciniki ne tsantsa. Ban musanta ko ɗaya ba. Amma a bi abin da ya faru daga baya. Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, yadin Ingila mai arha ya riƙa kwarara. Aka buɗe masaƙar zamani ta farko a Kaduna a 1957, ita ma ta rufe a farkon shekarun 2000 lokacin da yadin Asiya ya cika kasuwa. Duk abin da ya dogara da arha da yawa, wanda ya fi shi arha ya zo ya ture shi. Karofin Ƙofar Mata da ake cewa an kafa tun 1498 yau ramuka kaɗan ne ke aiki a cikinsa. Ɗinkin hannu kuwa sai ya yi ƙaura daga saƙi da tsamiya ya koma kan shadda da ake shigowa da ita daga Ostiriya da Jamus. Ƙyallen ya sauya, zaren ya sauya, amma asake da tambari suna nan, domin naɗin sarauta da ɗaurin aure da gaisuwar suruki ba su daina neman rigar da aka sha wahala a kanta ba.

Akwai ƙorafi na biyu wanda ya fi na farko nauyi a wurina. Za a ce wannan al'ada ta manya ce, kuma waɗanda suka yi wahalar ba su ne ke cin girman ba. Gaskiya ne. Audugar ƙarni na 19 da yawanta bayi ne suka noma ta a rumada, mata bayi da 'ya'ya ne suka kaɗa ta, kuma ba a taɓa kiran sunansu a fada ba. Yau ma ba a gama gyara wannan ba. A birnin Zariya, tun daga shekarun 1970, maza da yawa suka bar ɗinki suka koma aikin albashi da wasu sana'o'i, matan aure da ke cikin gida waɗanda da ma suna ɗinka hula suka karɓi allurar riga. Su ne suka riƙe sana'ar a lokacin da take gab da suɓucewa, sai dai ladar da dillali ke miƙa wa mace a kan aikin makonni ba ta kusa da kuɗin da za a sayar da rigar a Abuja ba. Ƙungiyar mata maɗinka mai sunan Sarauniya Amina da aka kafa a Zariya a 1994 ta taso ne don rage wannan tazara, ta hanyar sayar da aikinsu kai tsaye. Wannan ƙorafi bai rushe hujjata ba, ya dai nuna inda alhakin yake. In har darajar rigar daga wahalar hannu take, to mai bayar da ita ya ci bashin wannan hannu, kuma bai dace ya yi alfahari da kyautar da aka tauye maɗinkiyarta ba.

Keken ɗinkin ado ya daɗe da shigowa, yanzu kuma ga na kwamfuta wanda ke kwaikwayon aska tara cikin sa'o'i. Yawancin rigunan da ake gani a masallacin Juma'a nasa ne, kuma babu laifi a ciki, domin ya ba talaka damar sa abin da kakansa ke hange daga nesa. Haɗarin da nake gani shi ne ranar da mai karɓar kyauta zai kasa bambance aikin allura da na inji. Tsofaffin dillalan kasuwar Kurmi na juya riga su duba bayanta, su ga ƙullin zare da 'yar karkatar da hannu ke bari, su faɗi kuɗinta nan take. Matasa kaɗan ne ke koyon wannan dubawa, kuma masu zane da ke shata asake da ka ba tare da takarda ba sun fi maɗinka saurin ƙarewa. Su ya kamata sassan koyar da zane na jami'o'inmu, irin na Ahmadu Bello inda mai bincike David Heathcote ya tattara zanen rigunan Hausa a shekarun 1970, su nema su zauna da su tun suna da rai.