CAMRA

CAMRA, wato Campaign for Real Ale, ƙungiya ce ta masu sha'awar giyar gargajiya a Birtaniya, wadda hedikwatarta ta daɗe a garin St Albans na Ingila. Mutane huɗu ne suka kafa ta a ranar 16 ga Maris, 1971, yayin wata ziyara a ƙasar Ireland, domin nuna adawa da yadda manyan kamfanoni shida suka mamaye kasuwar giya a ƙasarsu, kuma a shekarar 1973 ta ɗauki sunan da take amfani da shi yanzu.

Giyar da ƙungiyar ke karewa ita ce wadda ba a kashe yistin da ke cikinta da zafi ba, ta yadda za ta ci gaba da nuna a cikin gangar da ake zuba ta daga gare ta, ba tare da an cusa mata iskar gas ba. Haka kuma tana fafutikar hana rufe tsofaffin mashaya tare da tallafa wa ƙananan masana'antun giya. Tana wallafa littafin Good Beer Guide kowace shekara, kuma a 1977 ta fara shirya bikin Great British Beer Festival a Landan.