Nijar, CEDEAO da Baƙin Bracodi

Wanda ya shiga Bracodi, a cikin Adjamé ta birnin Abijan, zai ji Hausa a bakin masu shayi, da masu tsire, da masu garba, wato acakke da soyayyen kifi. Da yawansu 'yan Nijar ne. Tun kafin a yi wata yarjejeniya kakanninsu ke bin hanyar goro zuwa kudu. Sa'ad da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Abijan a 1951, sai Treichville da Adjamé suka cika da baƙi masu neman abinci.

Nijar ƙasa ce mai faɗi, amma ta wajen arziki ƙarama ce, ba ta kuwa da bakin teku. Irin wannan ƙasa ba ta iya zama ita kaɗai. A 1959 ta shiga ƙawancen Entente, wanda Houphouët-Boigny na Kodebuwa ya kafa tare da Haute-Volta da Dahomey. Har tsohon ya so 'yan ƙasashen nan su zama 'yan ƙasa biyu, amma mutanensa suka ƙi a 1966, gama suna tsoron baƙi su cinye musu aikin gwamnati.

Ran 28 ga Mayu 1975 aka kafa CEDEAO, wato ECOWAS, a Legas, bisa ƙoƙarin Janar Gowon da Eyadéma na Togo. Abin da ya shafi talaka ya zo a 1979, da aka yarda ɗan kowace ƙasar ƙungiyar ya shiga wata ba biza, ya zauna kwana 90. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai barin Maraɗi ko Tawa bayan kaka, ya ratsa Burkina, ya komo kafin shuka.

Amma takarda dabam, hanya dabam. Da kuɗin koko ya faɗi, gwamnatin Kodebuwa ta kafa dokar katin zaman baƙi a 1990, zamanin da Alassane Ouattara ya zama firayim minista. Kowane baƙo sai ya biya, har ɗan CEDEAO. Katin nan ya zama abin tsare mutane a hanya da cikin kasuwa, mai tura baro kuwa ya fi mai kanti shan wuyarsa. Sai a 2007 Laurent Gbagbo ya soke shi ga 'yan ƙungiyar. Shekara goma sha bakwai ke nan ana 'yan'uwa a taron shugabanni, ana baƙi a Adjamé!

Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka kifar da Bazoum Mohamed a Yamai. CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki, har aka yi batun yaƙi, Kodebuwa kuwa tana cikin masu zafi a kai. Nijar da Mali da Burkina suka ce sun fita, fitar ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. A ranar CEDEAO ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanensu, sai yadda hali ya yi. Wato abin da dā haƙƙi ne ya koma alfarma.

Nijar dai ba ta bar ƙungiyar kuɗi ta UEMOA ba, wadda aka kafa a 1994. Saboda haka jaka goma da mai garba ya aika daga Bracodi ta isa Maraɗi tana jaka goma, ba sai an canja ba.