Saigo Takamori: Yaron Da Ya Zama Samurai Na Ƙarshe

Mai karatu, in ka kalli fim ɗin The Last Samurai na 2003, na san ba ka manta da Katsumoto ba, jarumin nan da Ken Watanabe ya fito a matsayinsa. To, daga rayuwar Saigo Takamori aka tsakuro labarinsa. Amma fim bai nuna maka yarintarsa ba.

An haifi Saigo a 1828 a garin Kagoshima, cikin ƙasar Satsuma a kudancin Japan. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya bakwai. Gidansu na samurai ne, amma na ƙasa-ƙasa, ga suna ga talauci. A zamanin nan ba shiga aikin samurai ake yi ba, gadonsa ake yi.

Tarbiyyar yaran Satsuma kuwa a unguwa ake yin ta, a wani tsari mai suna goju. Tun daga wajen shekara 6, samarin unguwa ne ke koya wa ƙannensu karatu da rubutu, kokawa da sarrafa takobi. Yaro zai ɗauki sanda ya yi ta jibgar gungumen da aka kafa, yana kurma ihu. Ana hore shi da kada ya yi ƙarya, kada ya zalunci mai rauni.

Wajen 1839 aka sare shi a hannun dama a wani faɗan yara. Hannun bai koma daidai ba, shi ke nan burin zama gwanin takobi ya bi ruwa. Sai ya rungumi littafi. A 1844 ya samu aikin ƙaramin akawu a ofishin da ke kula da harajin manoma, inda ya ga wahalar talaka da idonsa.

Ka san abin tausayin? A unguwarsu ta Kajiya ya tashi tare da Okubo Toshimichi. Su biyun suna cikin jagororin da suka kifar da mulkin Shogun a 1868. Sabuwar gwamnatin ce ta hana samurai yawo da takobi a 1876. Da Saigo ya jagoranci tawaye a 1877, Okubo na ɓangaren gwamnati. Ranar 24 ga Satumba, a tsaunin Shiroyama, Saigo ya gamu da ajalinsa. Shekara ba ta zagayo ba aka kashe Okubo.

In ka sake kallon fim ɗin, ka tuna da yaron nan mai raunin hannu.