Sabar imel: Yadda ake saita ta da yadda ake gano matsalarta

Sabar imel kwamfuta ce da ke karɓar wasiƙun intanet, ta adana su, ta kuma aika wasu a madadin wata ma'aikata ko kamfani. Duk adireshin da ke ɗauke da sunan ofis bayan alamar @ yana da irin wannan saba a bayansa, ko tana cikin ginin ofishin ko an yi hayarta a wajen Google ko Microsoft. Idan saitinta ya samu tangarɗa, takardar neman kwangila na iya kwana a hanya har wa'adi ya wuce, ko rasiɗin ɗan kasuwa ya faɗa akwatin tarkacen saƙonni ba tare da mai shi ya sani ba. Sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau, laifin yana cikin bayanan da aka rubuta game da ita a intanet.

Yadda saƙo ke tafiya

Ƙa'idar da sabobi ke bi wajen miƙa wa juna saƙo ita ce SMTP, wadda Jon Postel ya wallafa a 1982 a Amurka, aka sabunta ta a 2008. Idan mutum ya danna aikawa, wayarsa za ta miƙa saƙon ga sabar ofishinsu ta ƙofa mai lamba 587 ko 465, bayan ta gabatar da kalmar sirri. Daga nan sabar za ta tambayi DNS, wato kundin adireshin intanet, wace kwamfuta ce ke karɓar wasiƙun wanda aka rubuta wa. Amsar tana cikin bayanin da ake kira MX. Sai sabobin biyu su gana ta ƙofa ta 25. Mai karɓa kuma zai buɗe akwatinsa da IMAP ta ƙofa ta 993, ko POP3 ta ƙofa ta 995.

Manhajojin da suka shahara a wannan aiki kyauta ake samun su. Akwai Postfix da Wietse Venema ya fitar a 1998, da Exim da aka ƙirƙira a Jami'ar Cambridge ta Ingila a 1995, sai Dovecot mai kula da akwatunan ma'aikata.

Abubuwan da ake saitawa

Da farko ana bukatar sunan yanki, wato abin da ke bayan alamar @. A Najeriya ƙungiyar NiRA ce ke kula da sunayen da suka ƙare da .ng. Sannan ana bukatar lambar IP da ba ta sauyawa. Layin intanet na waya ko na gida bai dace ba, domin lambarsa na canjawa, kamfanoni da dama kuma suna toshe ƙofa ta 25 a kansa.

Bayan MX, akwai bayanai huɗu da manyan sabobi ke dubawa kafin su yarda da baƙo. PTR yana nuna cewa lambar IP ɗin ta dace da sunan sabar, kuma kamfanin da ya ba da lambar ne kaɗai ke iya rubuta shi. SPF jeri ne na kwamfutocin da aka amince su aika saƙo da sunan ofishin. Guda ɗaya tak ake rubutawa, kada kuma bincikensa a DNS ya haura goma, in ba haka ba ya lalace. DKIM hatimi ne na lissafi da sabar ke buga wa kowane saƙo, wanda ke tona asiri idan an taɓa shi a hanya. DMARC kuwa umarni ne ga mai karɓa kan abin da zai yi da saƙon da ya kasa cin waɗannan gwaje-gwaje: ya bar shi ya wuce, ya killace shi, ko ya mayar da shi. Ana farawa da mafi sauƙi, a duba rahotanni na 'yan makonni, sannan a tsananta.

Daga watan Fabrairun 2024, Gmail da Yahoo sun ƙara tsaurara sharuɗɗa. Gmail na bukatar SPF ko DKIM daga kowane mai aikawa, wanda kuma ke tura saƙo 5,000 ko fiye a rana zuwa adireshinsa dole ya haɗa duka biyun da DMARC. Wannan tsari yana da amfani ga 'yan kasuwa, domin yana wahalar da 'yan damfarar da ke aika takardar biyan kuɗi da sunan kamfani bayan sun sauya lambar asusun banki.

Gano inda matsala take

Saƙon da ya dawo yana zuwa da dalilinsa a rubuce, don haka kada a goge shi. Lambar da ta fara da 4 tana nufin cikas na ɗan lokaci, sabar za ta sake gwadawa da kanta. Wadda ta fara da 5 tana nufin an ƙi saƙon baki ɗaya. Idan an ga 5.1.1, babu mai wannan adireshi, galibi kuskuren harafi ne. Idan 5.2.2 ce, akwatin mai karɓa ya cika. Lambar 5.7.1 na nuna an ƙi saƙon bisa wata doka ta mai karɓa, ita kuwa 5.7.26 daga Gmail tana nufin ba a iya tantance mai aikawa ba, sai a koma kan SPF da DKIM.

Idan saƙonni na fita amma ba sa shigowa, a fara duba MX, a tabbatar rajistar sunan yankin ba ta ƙare ba, sannan a duba ko katangar tsaro ta rufe ƙofa ta 25. Idan wayoyin ma'aikata suka daina haɗuwa a rana ɗaya, a duba takardar shaidar TLS, domin ta Let's Encrypt kwana 90 take yi kafin a sabunta. A sabar Postfix, umarnin mailq yana nuna saƙonnin da suka maƙale, kundin ayyukan sabar kuma yana rubuta abin da ya faru da kowannensu.

Idan aka ga dubban saƙonnin da ba a san su ba a layin fita, to an sace kalmar sirrin wani ma'aikaci, ko an bar sabar a buɗe kowa na aikawa ta cikinta. Irin wannan ne ke jefa lambar IP cikin jerin baƙin littafi na Spamhaus. A toshe ɓarakar tukuna kafin a nemi a cire sunan, domin idan ba a kashe tushen ba za a sake mayar da shi.

Ɗaukewar wuta ta 'yan sa'o'i ba ta ɓatar da wasiƙa, domin sabobin da ke aikowa kan ci gaba da gwadawa na kwana huɗu zuwa biyar. Amma ofishin da ba shi da tsayayyiyar lantarki da ma'aikacin da zai riƙa duba sabar kullum, ya fi masa sauƙi ya yi haya. Ko a hayar ma, rubuta MX da SPF da DKIM da DMARC yana wuyan mai sunan yankin.